Na Je Turkiyya Ɗauko Yaron Nan

Me ya sa sai da maigidana Malam ya bar duniya sannan hanya ta buɗe mani? Duk zamanmu a Barkiya iyakata Kurfi ranar kasuwa, sai Dutsin-Ma in ciwo ya yi tsanani. Ko biki na je Karofi na dawo, shi ne zai zauna gindin rumbu ya ce in faro mashi labari tun daga fitata ƙofar gida. Yau ga shi na ƙetare teku na dawo da labari cike da baki, mai sauraren ba ya nan. Duk wanda na tambaya sai ya ce haka Allah ya tsara. Na yarda, amma tambayar ba ta bar ni ba, kuma har gobe in na tuna sai na yi kuka.

Tun da na dawo matan unguwa suka hana ni sakat. Wannan ta shigo in faro, in kai tsakiya wata ta yi sallama in sake farowa. Shi ya sa na ce wa ɗiyata Binta, wadda nake zaune gidanta nan Dutsin-Ma tun da na fita takaba, ta ɗauko takarda ta rubuta yadda na faɗa. Ni ban yi boko ba.

Wanda na je wurinshi ɗana ne na fari. Ba zan faɗi sunanshi ba, ban taɓa faɗa ba, don haka muka taso: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunanshi, ba ta jan shi da hira. Tun da aka yaye shi kakarshi ta ɗauke shi, ni kuwa in zan yi zancenshi sai in ce yaron nan. Malam ma haka yake yi. Yaron ya yi karatu har gwamnati ta tura shi Turkiyya, ya gama suka riƙe shi aiki, aikin binciken duwatsu da girgizar ƙasa. Malam yakan yi dariya ya ce duk duwatsun da ke Dutsin-Ma ba su ishe shi ba, sai ya je ya duba na wasu.

Malam ya cika da hantsi, kafin azahar an kai shi. Yaron nan bai samu jana'iza ba, kuma takardun aiki suka hana shi zuwa daga baya. In ya bugo waya sai ya ce, Inna ya haƙuri, in ce da godiya, in miƙa wa Binta. Sai kuma yara suka riƙa nuna mani hotuna a waya, benaye na ƙasar da yake sun zube kamar an taka rumbun kara. Na ce na rasa uban, ba zan zauna ƙasa ta haɗiye mani ɗan ba. Na ƙudura zan je in ce mashi ya tattara ya dawo gida. Na san in na faɗa da bakina ba zai musa ba, ko da aikin nan shi ne ranshi. Sai da na gaya wa duk unguwa cewa tare za mu dawo.

Shi ya aiko da takardun gayyata, bai san abin da ke raina ba. Aka haɗa ni da Hajiya Ladi, wata 'yar kasuwa 'yar Katsina da ke zuwa can sarin dogayen riguna. Mace ce mai baki, tun daga tasha ta fara yi mani tsiya. Ta ɗaga jakata ta ce, Yaya, tafiya za ki yi ko kasuwar Kurfi za ki kai masu? Kuka ce a ciki da busasshiyar kuɓewa da garin gero da yaji da daddawa. Muka bi ta Kankiya muka nufi Kano, rana na dukan but ɗin mota, daddawa ta fara magana. Direba ya tsaya ya duba ko wani abu ya mutu cikin injin. Na yi shiru kamar ba ni ba, Hajiya Ladi na ta dariya har da hawaye.

A filin jirgi na Kano aka yi wadda ta fi. An raba mana layi da Hajiya, na isa gaban wata ma'aikaciya mai kaki, tana jin Hausa amma ka ji harshenta ka san ba nan ta tashi ba. Ta duba fasfo, ta tambaye ni wurin wa za ni. Na ce wurin yaron nan. Ta ce wane yaro? Na ce na wajena. Ta ce to ya sunanshi? Na sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, na ce ai yana cikin takardar. Ta ce ta gani, so take ta ji daga bakina, don ana yaudarar mutane a fitar da su wurin wanda ba su sani ba. Gaskiyarta ne. Amma bakina ya ƙi. Layi ya taru bayana, na fara zufa, na ga tafiya za ta ƙare a Kano. Sai wani dattijon ma'aikaci ya leƙo, ya ji abin da ake ciki, ya ce mani, “Inna, ɗan fari ne ko?” Na ɗaga kai. Ya yi wa matar bayani, sannan ya ce shi zai karanto sunaye, in ya zo kan na gaskiya in yi gyaran murya. Haka aka yi. Ya faɗi na wasu, na yi shiru, ya faɗi na yaron nan, na yi tari. Matar ta buga hatimi tana dariya, ta ce ita nata ɗan farin kullum sai ta kira sunanshi ya fi a ƙirga, don ba ya jin magana.

Jirgi kuwa ban ji tsoronshi yadda na zata ba. Da ya tashi na riƙe hannun Hajiya ina salati, da ya daidaita sai na ga ya fi motar Kurfi natsuwa. Abin da ya kayar da ni yana Masar, inda muka sauya jirgi: matakala mai tafiya da kanta. Na sa ƙafa ɗaya ta tafi da ita ta bar ɗayar. Wani Balarabe ya tare ni ta baya, takalmina ɗaya ya riga ni isa sama, na tarar da shi yana jira na.

Mun sauka Istanbul da safe. Masu duba fasfo na can ba su tambaye ni komai ba, hoto kawai suka ɗauke ni. Ina fitowa na hango shi tsaye da matarshi Rabi, 'yar Kurfi ce ita ma. Ya rame, furfura ta fito mashi a gemu, kuma tsayuwar Malam ce sak, hannu ɗaya a baya. Ya durƙusa nan cikin mutane ya gaishe ni. Na kau da kai na amsa, na rungume Rabi na yi kukan a kafaɗarta.

Gidansu a bene yake, gida bisa gida, ba tsakar gida ba inuwar dalbejiya. Amma suna cire takalmi a bakin ƙofa kamar mu, kuma kiran salla na shigowa ta kowace taga. Kyanwa kuwa ita ce sarauniyar garin, a masallaci ma kwance take, mahauci ya yanka mata nama ya ba ta. Da safe aka kawo burodi da cuku da wasu baƙaƙen 'ya'yan itace. Na zata ɗinya ce na cika baki, ashe zaitun ne, gishiri da ɗaci. Na rasa inda zan tofar, na haɗiye har da ƙwallo ɗaya. Nononsu ma gishiri suke sa mashi. Na ce wa Rabi ta nemo mani wanda ba a ɓata ba, na dafa garin gerona na kirɓa fura a ƙaramin turminta na yaji, muka dama. Yaron nan ya sha, ya miƙo kwanon a ƙara.

Mai gidan da suke haya wata tsohuwa ce, tana zaune a ƙasa. Rabi ta ce tsohuwar ma mijinta ya rasu, gini ne ya faɗa mashi a wata girgiza tun tana da sauran ƙuruciya. Ba ta jin nawa ba na jin nata, amma muka ƙulla ƙawance. Kullum da la'asar sai ta buga silin da sandar tsintsiya, in sauko. Ta zuba mani shayi a wani ɗan kofin gilashi wanda bai kai kurɓi uku ba, in shanye ta ƙara, in shanye ta ƙara. Sai daga baya Rabi ta gaya mani in ka ƙoshi cokali kake kwantarwa bisa bakin kofin. Kafin in san haka na sha shayin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Tsohuwar ta nuna mani hoton mijinta, ni ba ni da hoto a hannu sai na nuna mata carbin Malam. Muka yi kukanmu, muka share, ta kawo alawa. Ran da ɗanta ya zo, ƙato da gashin baki, ya kamo hannuna zai kai bakinshi. Na fizge na ɓuya bayan labule. Ashe haka suke girmama tsofaffi, su sumbaci hannu su ɗora a goshi. Tsohuwar ta yi dariya har haƙoranta na roba suka motsa.

Na lura kabad ɗin gidan duk an ɗaure su jikin bango da ƙusa, kuma akwai wata jaka a bakin ƙofa da ba a taɓa ta. Rabi ta ce ruwa ne a ciki da tocila da usur, saboda ranar girgiza. Na ce a raina, ga dalili ya ƙaru. Amma kullum na shirya yin maganar sai kunya ta kama mani harshe, in ce gobe.

Rannan muna shan shayi da tsohuwa sai na ji kaina ya juya, kujera ta yi kamar za ta zame. Na ce hawan jinina ne ya tashi, na kwance bakin zane na ciro ƙwaya na haɗiya da shayi. Ina ɗagowa na ga fitilar silin tana lilo, tsohuwa kuma ta shige ƙarƙashin tebur tana jan ƙafata. Kafin in gane mene ne har ya wuce. Ƙarama ce, ko kofi bai fashe ba. Rabi ta sauko da gudu, da ta ji na sha wa girgizar ƙasa maganin hawan jini sai ta zauna a ƙasa don dariya. Ni ma na yi. Da yaron nan ya dawo na ce wa Rabi, shi yana zaune yana ji, ta gaya wa mijinta ina da magana da shi. Ya ce ta gaya wa Inna ya ji, amma yana roƙon in bari sai ya kai ni na ga wurin aikinshi.

Muka kama hanya da sassafe a motar wurin aikinsu, muka yi gabas, tafiya mai nisa cikin tsaunuka. Ina zaton wani babban ofis za mu. Sai ga mu a ƙauye, kusa da tashar jirgin ƙasa, gaban wata tsohuwar katanga. Ya ce in tsaya daga ƙarshenta in miƙa ido. Na duba. Katangar ta taho sambal, a tsakiya ta goce, rabin ya yi gaba ya bar rabin, kamar an turo shi da kafaɗa. Na ce maginin ne bai iya ba. Ya ce a miƙe aka gina ta, ƙasar da ke ƙarƙashi ce ke tafiya da ita.

Rabi ta koma mota wai ta manta ruwa, ta bar mu. Ya tsuguna ya zana layi a ƙasa da tsinke. Ya ce akwai wata doguwar tsaga a ƙarƙashin ƙasar nan, ta ratsa ta tun daga gabas har ta shige cikin teku kusa da Istanbul. Ɓangaren nan na son yin nan, wancan na son yin can, kullum cikin turereniya suke. Amma tsagar ba halinta ɗaya ba. Ya tambaye ni ko na tuna dutsen niƙan kakarshi. Ya ce in an kuɗa shi ya yi kaushi, ɗan dutsen cijewa yake yi, sai ka danna da ƙarfi sannan ya fizge gaba ɗaya. In kuwa ya sha aiki ya yi sulɓi, ga jiƙaƙƙen gero a kai, sai ya yi ta zamewa ba gardama. Ya debo wata laka daga gefen rafi ya sa mani a hannu, na murza, santsi kamar sabulu. Ya ce irin wannan ce a cikin tsagar a nan wurin, shi ya sa saman yake zamewa a hankali, a shekara bai kai faɗin yatsa ba, yana rage nauyinshi kaɗan-kaɗan. A wasu wuraren kuwa dutse ne tsantsa ya ciji ɗan'uwanshi. Can shiru kake ji, katanga ba ta gocewa, mutum ya haifi ɗa har ya ga jika bai ji motsi ba. Ran da ya saki sai ya biya duk abin da ya tara a lokaci ɗaya.

Na ce to ashe wurin da ya yi shiru shi ne abin tsoro. Ya ce shi ne. Ya ƙara da cewa ko nan ɗin ba a sakankance ba, don can ƙasa sosai akwai inda ya cije. Kuma in tsagar ta fara yagewa, inda take a miƙe gudu take yi ta yi nisa, inda ta yi gwiwa ko ta rabu biyu wani lokaci nan take tsayawa, kamar yadda yagewar zane ke tsayawa a kan ɗinki. Aikinsu shi ne su bi ta gaɓa-gaɓa da na'urori, su san ina ne laka, ina ne dutse, ina ne ya daɗe bai motsa ba, don a gaya wa mutanen wurin su ƙarfafa gini, a fara gyara makarantu da asibitoci.

Na ce girgizar ƙasa ai ikon Allah ce. Ya ce ikon Allah ce, kuma ranar da za ta zo babu wanda ya sani sai Shi, duk wanda ya ce ya sani ƙarya yake yi. Ya ce ruwan sama ma ikon Allah ne, amma Baba bai taɓa shuka gero a fadama ba, sai ya duba ƙasa tukuna.

Yana ambaton Baba sai ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon layin da ya zana. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Inna, da fushina ya tafi ko? Ban zo jinya ba, ban ɗauki gawarshi ba.”

Na ce mashi ko kusa. Na gaya mashi duk ran da ya bugo waya, Malam yakan yi kamar bai damu ba ya ba Binta, amma da ta kashe sai ya sa ta maimaita mashi kowace kalma, sannan ya fita majalisa ya ba da labari kamar shi aka gaya wa. Sai yaron nan ya fashe da kuka, kuka irin na wanda ya daɗe yana riƙewa. Rabi ta gaya mani daga baya tun rasuwar bai zubar da hawaye ba sai ranar. Ni da nake yin nawa kullum kaɗan-kaɗan, sai ga ni ni ce mai ƙarfi. Na duba hagu na duba dama, ba kowa sai wata saniya. Na ɗora hannuna a kanshi, da lakar da komai. Rabon da in taɓa kan nan tun yana shan nono.

Da ya natsu ya wanke fuska a rafi, ya dawo ya durƙusa ya ce, “Inna, kin ce kina da magana. Duk abin da kika ce shi zan yi.”

Maganar tana bakina. Na dubi katangar, na tuna tsohuwata a ƙarƙashin tebur tana jan ƙafata, da yaran makarantar da muka wuto a hanya. Na tuna mu ma a Barkiya muna da 'yan bindigar da suka raba mu da gonakinmu, kuma ba ƙasa ce ta girgiza ba. Na ce mashi, “Gidan da kuke ciki, an duba shi?” Ya ce an duba, kan dutse yake, ba kan cikon ƙasa ba, shi ya sa ya zaɓe shi. Na ce to maganar ita ce ya riƙa cin abinci, ya rame da yawa, kuma da babbar salla ya zo ya ga kabarin ubanshi. Ya ce to. Ya ɗago yana jiran saura. Na ce shi ke nan, a kira Rabi ta kawo ruwan da ta je haƙowa.

Sauran kwanakin daɗi kawai muka ji. Suka sa ni a jirgin ruwa, tsuntsaye na warce burodi daga hannuna. Na koya wa tsohuwa tuƙa tuwo, ta ci da miyar kuka tana hawaye saboda yaji, ta ƙi ajiye cokali. Ran da zan taho ta rataya mani gyalenta, ni kuma na bar mata sauran daddawa, ban sani ba ko ta gode ko ta zubar. A jirgi Hajiya Ladi ta ce, Yaya ina kayan da kika je ɗaukowa? Na ce na tarar ana amfani da shi.

Nan ma haka matan unguwa suka tare ni, ina yaron? Wasu sun ce na yi sake. Ban yi gardama da kowa ba. Tsoron bai bar ni ba, duk sanda aka ce ƙasa ta motsa a wani wuri sai Binta ta buga waya na ji muryarshi, kuma yanzu ba na saurin miƙa mata.

Binta, rubuta wannan a ƙarshe, ko ke ban taɓa gaya maki ba. Safiyar da Malam zai cika, na kawo mashi kunu ya kurɓa kaɗan ya ture. Ya bari sai da kowa ya fita ɗakin, ya kamo bakin zanena, ya yi ƙasa da murya kamar mai jin kunyar bango. Daga wannan bai sake ce mani komai ba, sai kalmar shahada da ya yi ta yi shi da Ubangijinshi. Ya ce, “Hajara, in kin samu hanya ki je ki gano mani yaron nan, ki ga inda yake kwana. Amma kada ki ce ni na aike ki.”